Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Ɗaura Kyamara A Wutsiyar Jirgin Sama Ƙirar Gida?

 

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce an nuna masa hoton bidiyo a waya na wani ɗan ƙaramin jirgin sama yana ratsa gajimare, ana ganin jirgin daga baya, da fukafukansa da ƙeyar matuƙinsa, kamar dai wani ne ya hau wutsiyar ya zauna yana ɗauka. Aka ce masa wai mai jirgin da hannunsa ya haɗa shi a gida, kuma shi ya ɗaura kyamarar. Shi ne yake son ya ji ko gaskiya ne ko kuwa haɗin hoto ne, in kuma gaskiya ne, yaya aka yi iska ba ta fizge kyamarar ba, sannan ba ta da hatsari ga jirgin?

To malam, gaskiya ne, ana yi. Hatsari kuma akwai shi. Kyamarar dai ba ta kai tafin hannunka girma ba, amma wutsiyar jirgi wuri ne da ƙaramin abu ke yin babbar ɓarna. Gyara zama ka ji bayani.

Jirgi ƙirar gida

Da farko, batun mutum ya haɗa jirgi a gidansa ba almara ba ce. A Amurka doka ta yarda da haka, da sharaɗin mutum ya yi fiye da rabin aikin da kansa, kuma don neman ilimi ko nishaɗi ya yi, ba don haya ba. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiya mai suna EAA, wadda wani matuƙi, Paul Poberezny, ya kafa a 1953 a birnin Milwaukee. Tun 1970 suke taronsu na shekara-shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, inda jirage wajen 10,000 ke sauka a mako guda. Jiragen ƙirar gida da ke da rajista a Amurka sun haura 30,000.

Akasarinsu ba daga ɗanyen ƙarfe suke farawa ba. Kamfani ne ke yanka sassan jirgin ya zuba a akwati ya aiko, tare da takardar zane, mutum ya yi ta haɗawa a garejinsa da yamma in ya taso aiki. Aikin kan ci awa kimanin 2,000, da ƙananan ƙusoshin ribit fiye da 10,000, saboda haka wani sai ya shekara biyar bai gama ba. Kamfanin da ya fi suna a wannan harka shi ne Van's na jihar Oregon, mai jiragen da ake kira RV, waɗanda fiye da 10,000 daga cikinsu sun tashi sama.

Kada ka ɗauka abin ya yi mana nisa ƙwarai. Jirgin nan Air Beetle da Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta koyar da matuƙa da shi, wanda aka fara nunawa a 1989, asalinsa ƙirar RV-6A ce ta wannan kamfani, kuma a Kaduna aka haɗa guda 60. Da irinsa za mu yi misali. Mutum biyu yake ɗauka, tsawonsa kimanin mita 6, nauyinsa da mutane da mai da kaya bai wuce kilo 750 ba, wato buhun masara bakwai da rabi, gudunsa kuwa ya kai kilomita 300 a awa. In ka taɓa ganin ƙananan jiragen da ke zuwa feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa, to ka rage musu girma kaɗan, ka samu kamanninsa.

Bango da ƙyaure

Kafin mu kai ga kyamara, sai ka san yadda wutsiya take. Kashi biyu ce. Akwai ta tsaye, mai kama da ƙayar bayan kifi, akwai kuma ta kwance, mai kama da ƙananan fukafukai biyu. Kowacce a cikinsu ta sake rabuwa biyu. Gabanta a kafe yake, ba ya motsi, bari mu kira shi bango. Bayanta kuwa yana juyawa a kan hinji kamar ƙofar ɗaki, bari mu kira shi ƙyaure. Ƙyauren tsaye, matuƙi na juya shi da ƙafafunsa, shi ke karkata hancin jirgi dama ko hagu. Ƙyauren kwance, da sandar hannu ake motsa shi, shi ke ɗaga hanci sama ko ya dukar da shi ƙasa. Riƙe wannan rabo na bango da ƙyaure da kyau, don shi ne ƙashin bayan amsar nan.

Me ya sa ake son kyamara a wutsiya? Saboda nan ne kaɗai wurin da ke hango jirgin kusan gaba ɗayansa, ga kuma ƙasa da sama a shimfiɗe gabansa. Ba don ƙawa kaɗai ba ne. Mai koyon tuƙi kan kalli yadda ya sauka, ya ga inda ya kuskure. Wanda ya gama sabon jirgi kan manna gajerun zaren ulu a kan fiffike, ya tashi, kyamara ta ɗauka, ya dawo ya duba. Inda zare ya kwanta lafiya, iska na bi daidai, inda yake ta wutsil-wutsil, akwai gyara. Manyan jirage ma suna da ita. Jirgin Airbus A380, wanda ya fara jigilar fasinja a 2007, yana da kyamara a ƙolin wutsiya, matuƙa na duba ta in suna juyawa a filin jirgi, fasinja kuma na kallo a allon kujera. Sai dai ita wannan, injiniyoyi ne suka gina ta cikin jikin jirgin tun wurin zane. Ta mai jirgin gida kuwa ƙari ce daga baya, nan ne kuma maganar take.

Na farko, nauyi

Kai da ke harkar awo ka san sikelin sanda, wanda ɗan ƙaramin dutse ke rinjayar buhu in an matsar da shi can ƙarshen sanda. Mai amalanke ma ya san in ya jibga kaya a baya, gaba zai ɗage har ya nemi ɗaga dabbar. Jirgi haka yake. Yana da wurin da nauyinsa ya daidaita, a tsakiyar fukafukai, kuma a irin jirgin da muke misali da shi, iyakar da aka yarda wannan wuri ya matsa gaba ko baya kimanin santimita 20 ce, wato taƙi guda. In ya zarce baya, hanci ya riƙa ɗagewa da kansa, gudu ya ragu, fukafukai su daina riƙe iska, jirgi ya kama wulwulawa ƙasa, fitar da shi daga wannan hali kuma ya yi wuya.

Wutsiya na nesa da wurin daidaiton da kimanin mita 4, saboda haka duk abin da aka ɗora mata, ƙarfinsa ya ninka huɗu a kan wanda aka ajiye mita ɗaya daga tsakiya. Ga lissafi. Tsohuwar kyamarar kaset irin ta masu ɗaukar biki, wadda ake saɓawa a kafaɗa, da akwatinta ta kai kilo 3. In ka ɗora ta a wutsiya, ta ja daidaiton jirgin baya da santimita ɗaya da rabi. Ka ga in dama an cika bayan kujera da kaya har an kusa iyaka, ita ce za ta ƙarasa. Ƙananan kyamarorin yanzu irin su GoPro, nauyinsu kimanin giram 150 ne, da mariƙinsu a ce giram 300. Wannan abin da za ta matsar bai wuce kaurin ƙwayar gero ba. To ka ji dalilin da ya sa abin ya yawaita yanzu, alhali a shekarun 1990 sai masu shirya fim da 'yan ƙalilan. Duk da haka mai hankali sai ya auna ya rubuta a takardar nauyin jirginsa, ba ya cewa ai ba komai.

Na biyu, iska

Ka taɓa miƙa hannu ta tagar mota tana gudu? Ka ji yadda iska ke tura shi baya. Abin lura shi ne, in gudu ya ninka biyu, turin iska ninkawa huɗu yake yi. In gudu ya ninka uku, turi ya ninka tara. Mota mai kilomita 100 a awa, iskarta na tura irin wannan kyamara da ƙarfin da bai kai giram 200 ba. A jirgi mai kilomita 300, turin ya kai kilo ɗaya da rabi, ko biyu in an haɗa da mariƙin. Wato kamar ka rataya mata mudun gero ne ta gefe, ba na minti ɗaya ba, na awa biyu ko uku, ga kuma jijjigar inji tana sassauta duk abin da ba a ɗaure da kyau ba.

Ban da wannan, in jirgi ya yi kwana mai kaifi ko ya ɗago daga gangara, nauyin komai na cikinsa ƙaruwa yake. Ɗaura guga da ruwa ka wulwula shi, ka ji yadda yake jan hannunka. Jirgin da ke wasan juyi a sama, nauyin kan ninka har sau shida, sai giram 300 ya koma kusan kilo biyu. Dole mariƙi ya iya ɗaukar wannan duka, da rara a kai.

Na uku, karkarwa, wadda ita ce mai kisa

Nan ne za ka kasa kunne sosai. Ka ga tamfol a bayan babbar mota in igiya ɗaya ta kwance? Tun yana kaɗawa a hankali, mota na ƙara wuta sai ya kama fat-fat-fat har ya yage. Ƙyauren wutsiya na iya yin haka, kuma matuƙa ba abin da suke tsoro kamarsa.

Ga yadda abin ke faruwa. Wutsiya ba ta sandare kamar dutse ba, tana ɗan lanƙwasa ta dawo kamar reshe. In guguwa ta buge ta ta lanƙwasa gefe, ƙyauren da nauyinsa ke bayan hinji ba ya bin ta nan take, sai ya yi nawa ya karkace. Karkacewar nan ita ke ba iska wurin kamawa, ta ƙara tura wutsiyar. Da ta dawo ɗaya gefen, ƙyaure ya sake yin nawa, iska ta sake turawa. Kamar yaro ne a kan lilo ana tura shi daidai lokacin da ya dawo, kowane zuwa ya fi na baya nisa. Bambancin kawai, wannan lilon sau da yawa yake zuwa ya dawo a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kafin matuƙi ya rage wuta, wutsiya na iya ɓallewa.

Maganin da masu zane suka yi shi ne, sukan sa curin dalma a gaban hinji, domin nauyin gaba ya biya na baya, ƙyaure ya riƙa tafiya tare da bango. Awon nan na da tsanani ƙwarai, har fenti in aka sake wa ƙyaure, akan cire shi a sake auna shi. To yanzu kai da kanka ka faɗa, me zai faru in mutum ya ɗaura giram 300 a bayan ƙyaure? Ya ɓata awon ke nan. Mai yiwuwa ya yi tafiya goma lafiya lau, don karkarwa ba ta tashi sai gudu ya kai wani mizani. Ranar da ya gangaro da sauri, ranar ce.

Domin ka san ƙarfin wannan abu, ga abin da ya faru ranar 16 ga Satumba, 2011, a gasar tseren jirage ta garin Reno a jihar Nevada. Wani jirgin yaƙin duniya na biyu, samfurin P-51, da aka yi wa gyare-gyare don tsere, yana gudun da ya wuce kilomita 800 a awa, sai ya kuɓuce ya faɗa cikin wurin zaman 'yan kallo. Mutum 11 suka rasu har da matuƙin, fiye da 60 suka jikkata. Hukumar binciken hatsari ta Amurka, NTSB, ta gano cewa notinan da ke riƙe wani ɗan ƙaramin faifai a bayan ƙyauren kwance sun tsufa sun saki, faifan ya kama karkarwa, abin da ke riƙe shi ya karye. Ba kyamara ce ta jawo wannan ba, amma ya nuna maka abin da noti ɗaya a wutsiya ke iya yi. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Saboda haka doka ta farko a wurin masu wannan aiki ita ce: kyamara a bango ake ɗaura ta, ba a ƙyaure ba. Kuma ko a bangon, ba a sa ta inda za ta dagula iskar da ke zuwa wa ƙyaure, ko inda za ta tokare shi in ya juya.

To ina ake ɗaurawa, da me?

Wurare uku aka fi amfani da su. Na ɗaya, ƙolin bangon tsaye. A jiragen RV akwai wata 'yar hula a nan wadda ba ta ɗauke da nauyin komai, sai a ƙarfafa ta da faifan alminiyam daga ciki a kafa mariƙi a kai. Wasu ma sukan huda hular su ɓoye kyamarar ciki, ido kawai ke leƙowa, wannan ya fi rage turin iska. Daga nan ne ake samun irin hoton da ka gani. Na biyu, ƙarƙashin wutsiya, wurin zoben da ake ɗaure jirgi da igiya in an ajiye shi, don dama an gina wurin da ƙarfi. Daga nan ana ganin tayoyi lokacin sauka, sai dai hayaƙi da ɗigon man inji da tsakuwa duk nan suke bi, idon kyamara ya yi saurin dushewa. Na uku, murafen da kanikawa ke buɗewa su leƙa cikin jirgi. Akan yi wani murfi na dabam mai kauri a kafa mariƙi a kansa, in an gama a mayar da na asali.

Abin da ba a yi shi ne huda ƙashin wutsiya, wato dogon ƙarfen ciki da ke ɗauke da nauyinta. Rami ɗaya a nan kamar tsaga ce a azarar ɗaki, daga nan karaya ke somawa. Ba a kuma rufe fitilar wutsiya ko eriyar rediyo.

Batun abin ɗauri, akwai roba mai tsotso da ake manna wa gilashin mota. Ita wannan aikinta irin na ƙahon wanzami ne. Wanzami ya zuƙe iskar ciki, iskar waje ce ke danne ƙahon a jikin fata. To iskar sama ba ta kai ta ƙasa nauyi ba. A tsawon mita 3,000 kashi 70 cikin 100 ya rage, a mita 5,500 rabi. Ga sanyi, don kowace mita 1,000 da aka hau zafi na sauka da digiri shida da rabi, roba ta ƙandare. Ka ga ke nan abin da ya kama gam a ƙasa, a sama sai ya saki. Gam da salatif su ma zafin rana da man inji na cin su. Abin dogara shi ne noti mai kulle kansa, ko noti da aka zarga wa siririyar waya aka murɗe ta yadda ba zai juya ba, kamar yadda ake yi wa sauran notinan jirgi. Mariƙin kuma ya zama gajere, na ƙarfe. Dogon wuya mai gaɓoɓi da yawa, iska na samun abin lanƙwasawa.

Wasu kan ƙara ɗaure kyamara da igiya ko waya don ko ta kwance kada ta faɗi. A wutsiya wannan sai da lura, domin kyamarar da ta kwance tana reto a doguwar igiya ta zama gora, za ta yi ta dukan jikin jirgi, ko igiyar ta shige tsakanin bango da ƙyaure ta cije shi. In za a sa, gajeriya ƙwarai ake sawa. In kuma an jawo wayar wuta daga gaba ta cikin jirgi, sai an ɗaure ta nesa da wayoyin da ke jan ƙyamare.

Abin da ke ɓata hoton

Mai yiwuwa ka lura a irin waɗannan hotuna farfela takan fito a lanƙwashe kamar lauje, ko hoton ya riƙa rawa kamar kunun da ya daskare. Ba farfelar ce ta lanƙwashe ba. Kyamarar zamani ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi take bi daga sama zuwa ƙasa, kamar mai bin kunya. Farfela kuwa tana juyi wajen sau 2,400 a minti, wato sau 40 a daƙiƙa. Kafin kyamara ta kai layin ƙasa, farfela ta bar inda take. Jijjigar inji ma haka take sa hoto ya yi ta malƙwaya. Maganinsa biyu ne: mariƙi mai tauri, da wani baƙin gilashi kamar tabarau da ake sa wa idon kyamara. Shi yana rage haske, sai kyamara ta ɗan jinkirta ƙifta ido, farfela ta koma inuwa-inuwa yadda idonka ke ganinta. Sanyin sama kuma yana saurin shanye batir, shi ya sa ake tashi da shi a cike.

Doka da gwaji

Ko da yake jirgin na mutum ne, sararin sama ba nasa ba ne, akwai mutane a ƙasa. Ƙarfe mai giram 300 in ya faɗo daga sama a kan mutum ko dabba, ba sai an faɗa maka ba. A Amurka, hukumar FAA ce ke duba jirgi ƙirar gida kafin ya tashi, sannan sai ya yi gwaji, galibi na awa 25 ko 40, a keɓaɓɓen wuri ba tare da ɗaukar fasinja ba. In daga baya aka yi masa babban canji, sai ya koma gwaji na aƙalla awa 5. A Ingila, hukumar jiragen sama ta fitar da jagora a 2016 kan ɗaura ƙananan kyamarori waɗanda ba su wuce giram 250 ba. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke da wannan hurumi, a Nijar kuma ANAC. Duk wanda ke da niyyar haɗa abin da zai tashi sama, ƙofarsu zai fara ƙwanƙwasawa.

Mai jirgi mai natsuwa, ga yadda yake yi. Ya fara tambayar kamfanin da ya zana jirgin, ya kuma kira wani gwani ya duba masa, don idon mai abu ba ya ganin aibinsa. Ya ja mariƙin da sikelin rataye ta kowane gefe da ƙarfin da ya ninka wanda zai gamu da shi a sama. Ya juya ƙyamare har iyakarsu ya tabbata ba inda suka taɓa. Ya tayar da inji a ƙasa ya ga yadda abin ke jijjiga. Tashin farko shi kaɗai zai yi, a kan daji ba kan gari ba, a hankali, ya sauko ya duba notina. Daga nan ya riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan. In ya ji wani ɗan zirr a ƙafa ko a sandar hannu wanda bai saba ji ba, nan take ya rage wuta ya sauka.

Saura abu ɗaya, wanda ba na ƙarfe ba ne. Kyamara ana kunna ta ne tun kafin a tayar da inji, a manta da ita sai an sauka. Ranar 31 ga Mayu, 2014, wani ƙaramin jirgi samfurin Cessna 150 ya faɗi da dare kusa da garin Watkins a jihar Colorado, mutum biyu suka rasu. Masu bincike sun tsinci kyamarar GoPro a tarkacen, suka ga a tashin da ya yi kafin wannan, matuƙin na ɗaukar kansa hoto da waya yana cikin tuƙi. Suka ce ga dukkan alamu shagala ta taimaka wurin hatsarin. Wannan gargaɗi bai tsaya kan matuƙin jirgi ba, ya haɗa da ɗan acaɓa da direban da ke latsa waya a kan hanya.

To malam, amsarka ke nan. Hoton da ka gani na gaske ne. Iska ba ta fizge kyamarar ba saboda ƙarama ce, an kafa ta da noti a sashen wutsiya da ba ya motsi, an kuma gwada kafin a saki jiki. Da a ce ƙyaure aka ɗaura wa, da wataƙila ba hoton za a nuna maka ba, labarin za ka ji. Da fatan ka gamsu, kuma a gaishe mana da mutanen Dawanau.

Sauran masu tambayoyi, takardunku sun iso, ku ƙara haƙuri, layi na zuwa kan kowa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.